Kwana Uku da Rubutun Baba

Wayar da nake riƙe da ita a shekarar da Baba ya rasu irin ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Maigidana ne ya sayo min ita a Minjibir bayan mun sayar da gyaɗa. Ta shafa ce dai, da kyamara gaba da baya, kuma ban taɓa raina ta ba. Da ita nake sanar da matan da nake koyarwa a islamiyyar ƙauyenmu in an ɗaga karatu, da ita nake sauraron wa'azi ina tankaɗe. In mata suka haɗu a gidan suna ana gwada wayoyi, wannan ta ce tata ta fi haske, waccan ta ce tata ta fi fito da fuska, ni dariya kawai nake yi, in ce duk ɗaya ne, wadda aka kira da ita aka ji murya ai ta gama aikinta. Har cikin zuciyata haka na ɗauka.

Baba alaramma ne. Kakanninsa daga gabas suka zo, ta wajen Barno, suka zauna a nan tun da daɗewa, har ba wanda ya rage a gidanmu da yake jin wani yare ban da Hausa. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da dawa da wake a gonar bayan gida. In an gama kaka sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya koma rubutu. Alƙur'ani yake rubutawa da hannu, da ka, ba ya duba wani. Ya rubuta da dama a rayuwarsa, duk sun tafi hannun mutane, na ƙarshen ne kawai ya riƙe. Ya fara shi ido ya soma rauni, ya shekara huɗu a kansa, kuma ni nake dafa masa tawada, don tsakanin gidan aurena da gidanmu gona biyu ce kawai. Baƙar tawada ta baƙaƙe, ja ta wasula, mai ruwan ɗorawa ta hamza. Ganyayen a warware suke, ba ɗinki, ana haɗa su ne a saka a gafaka, jakar fatar nan mai dogon maratayi.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni da Yaya. Ya girme ni da shekara shida, yana harkar hatsi a Dawanau, wake da dawa yake saya wa mutanen kudu ya loda musu. Shi ya ɗauki nauyin jinyar Baba tun daga farko har ƙarshe, wannan ba zan ɓoye ba.

Wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, Yaya ya zo gida. Inna tana cikin takaba a lokacin, ina zaune a bakin ɗakinta ina tsince mata zogale. Bayan gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Inna, maganar Alƙur'anin Baba ce ta kawo ni. Akwai wani Alhaji, maigidana ne a kasuwa, ya daɗe yana neman rubutun hannu. Na yi masa alkawari."

Na ce, "Alkawarin me, Yaya?"

"Zai karɓa, ya ba da hadiya mai kauri, a raba yadda shari'a ta ce."

"Sayarwa ke nan."

"Ba a sayar da Alƙur'ani, Malama, ke kin fi ni sani. Hadiya na ce."

Malama yake kira na in yana so ya rufe min baki. Ya kawo hujjojinsa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ɗakin Baba yana yoyo. Gara ta riga ta cinye rabin wasu takardu da ke cikin akwati. A gidan Alhajin, in ji shi, ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. Na ce ni zan riƙe shi a ɗakina, in yafe duk abin da zan samu a sauran kayan. Ya ce ya riga ya furta a gaban mutane, kuma a kasuwa mutum da bakinsa yake ci. Na juya wajen Inna. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, ta ce, "Abin da yayanki ya gani."

Da ya ga hawaye ya taru a idona sai ya sassauta murya. Ya ce, "To, ke me kike so a ciki, takardar ko rubutun? In rubutun ne, ɗauki hoto mana. Yanzu komai a waya ake ajiye shi. Ɗauko ki gani."

Na yi alwala na ɗauko gafakar, na shimfiɗa farin mayafi a kan tabarma a tsakar gida, na zaro ganyen Fatiha. Yaya ya ciro wayarsa daga aljihun gaba. Babba ce, siririya, da idanun kyamara uku a bayanta. Bai wani tsaya saiti ba, ya ɗaga ya danna, ya miƙo min.

Ban taɓa riƙe irinta a hannuna ba sai ranar. Rana tana bisa kanmu amma fuskar wayar tar take, kamar ita ma da tata ranar a ciki. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, sai ga baƙi ɗaya ya cika fuskar. Na ga inda bakin alƙalamin Baba ya ɗan tsage ya bar siririn fari a tsakiyar layi. Na ga inda tawada ta taru a ƙarshen harafi ta bushe da kauri. Jan wasali yana zaune daban a bisa baƙin, ɗigon ɗorawa yana nan da launinsa, har zaren jikin takardar ana gani. Abin da ni da idona, da takardar a gabana, ban gani ba.

Ya ce, "Gwada da taki."

Na ɗaga tawa. Da farko ma ban ga komai ba, fuskar ta yi duhu a rana, fuskata kawai nake gani a ciki. Na kare da mayafi na danna. Ta yi jim kamar ba ta ji ba, sannan ta ɗauka. Muka koma inuwa muka jera su biyu. Shafi ɗaya ne, rana ɗaya, amma a tawa takardar ta koma ruwan toka, da na buɗa da yatsu sai haruffan suka narke kamar an zuba musu ruwa.

Yaya ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda kayansa suka yi abin da ya saya su dominsa. Ya ce, "Kin ga bambancin kuɗi."

Na ce, "To ara min taka, Yaya. Kwana biyu kawai."

"Wannan? Ai kasuwata gaba ɗaya tana ciki. Masu saye, direbobi, banki. Ko awa ɗaya ba zan iya rabuwa da ita ba."

"To ka zauna mu ɗauka tare."

Ya duba tulin ganyayen, ɗaruruwa, kowanne gaba da baya, ya shafa gemu. Ya dai zauna. Ina juyawa yana dannawa, da sauri abin yake tafiya, kafin in ajiye wani ganye ya gama da wanda ke gabansa. Mun ci ganye goma sha wani abu a cikin Baƙara sai wayar ta yi ƙara. Direba ne, an tsayar da lodi ana jiran sa. Ya miƙe yana karkaɗe riga ya ce, "Ci gaba da taki, ai ana karantawa. Juma'a bayan masallaci zan zo in ɗauka."

Na aika aka gaya wa ɗalibaina babu karatu sai wani mako. Na kwaso gafakar na dawo da ita gidana.

A wannan kwana ukun na san wayata fiye da yadda na san ta a shekara biyu. In na fita rana, hoton yana ɗan fitowa amma ba na ganin abin da nake ɗauka. In na shiga inuwar darbejiya ina ganin fuskar, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Daga na danna zuwa ta ɗauka akwai ɗan jinkiri, in hannuna ya motsa a tsakani shafin ya tafi. Sai na koyi riƙe numfashi. Na ɗauko turmi na kifa, na dafa gwiwar hannuna a kai. Kowane shafi sai na ɗauka sau biyu ko uku, kuma a wannan 'yar fuskar, in ba ka buɗa hoton ba, duk lafiya lau suke gani.

Bayan kamar rabin awa sai bayanta ya ɗau zafi, ta fara nauyi, in taɓa nan ta buɗe can, daga nan ta sandare gaba ɗaya. Sai in jingina ta a jikin randa inda yake da danshi, in zauna ina kallon ta tana hucewa, rana tana tafiya. Ba mu da wuta a ƙauyen. Caji sai an kai shagon bakin titi mai sola, maigidana yake kai min in zai tafi gona, ya biya ya karɓo in zai dawo. Duk sa'o'in da take can, ni ina nan zaune da ganyen Baba a gabana ba abin da zan iya yi.

Laraba da azahar hadari ya haɗo. Na tattara ganyayen a guje, kada iska ta ɗauki ɗaya, don ba lamba a jikinsu, kalmar da Baba yake rubutawa a ƙasan kowane ganye ita kaɗai ke nuna wanda ke biye. Aka yi ruwa har la'asar. A cikin ɗaki na gwada da fitilar wayar, sai hasken ya kwanta a tsakiyar shafin ya yi fari fat, gefe kuma duhu.

Alhamis da safe wayar ta rubuto min cewa wuri ya cika. Na goge wa'azozin da na tara. Na goge hotunan walimar ɗalibaina, matan da wasunsu sai da suka yi jikoki suka sauke. Na goge na sunan autata. Ina gogewa ina cewa a raina waɗannan akwai su a wayar wasu, na Baba kuwa babu. Da yamma ta sake cika.

Maigidana ya dawo daga gona ya same ni a durƙushe, wuyana ya ƙage, ya ce, "Ki roƙe shi ya ƙara miki mako ɗaya mana. Ɗan'uwanki ne."

Na ce, "Zan roƙa."

Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya ya yi sallama a ƙofar gidana. Ina tsakiyar suratul Kahfi, wato da ƙyar na kai rabi. Na fita na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, don Allah, mako ɗaya."

Ya ce, "Alhaji zai yi tafiya gobe, yau na ce masa zan kai. Kada ki sa in zama ƙaramin mutum. Ai ba ƙasar zai bari da shi ba, nan Ungogo ne. Duk ranar da kike so sai in kai ki ki ƙarasa."

Na koma ciki na jera ganyayen, na ɗaure, na saka a gafaka. Na biyo ta gidanmu da ita don Inna ta gani. Ta ɗora tafin hannunta a kan fatar ta ɗan jima, sannan ta tashi ta ce bari ta duba awaki. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a kujerar gaba, ya ja mota. Da aka kawo hadiyar na ce a haɗa rabona a gyara wa Inna rufin ɗaki.

Ban buɗe hotunan da kyau ba sai bayan mako biyu. Muna karatu a islamiyya, wata dattijuwa a cikin ɗalibaina, wadda ta san Baba tun suna yara, ta ce tana so ta ga rubutun Alaramma. Na buɗe mata wani shafi a Ali Imrana, na buɗa da yatsu, na miƙa mata ina jin daɗi. Ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta ce, "Malama, wannan wasalin bisa ne ko rufu'a?"

Na karɓa na duba. Na san ayar da ka, shi ya sa na ba ta amsa. Amma a hoton ba za ka gane ba. Jan ya haɗe da baƙin sun zama abu ɗaya mai ruwan ƙasa, ɗorawar kuwa ta ɓace a cikin launin takardar kamar ba a taɓa ɗiga ta ba. Da na koma gida na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ana karantawa in ka riga ka haddace. Wasu layin sama ya fito, na ƙasa ya dushe. 'Yan bayanan da Baba yake yi a gefen shafi da siririn alƙalami, ko ɗaya ban iya karantawa ba. Kwana uku na yi ina riƙe numfashi a kan turmi, abin da na samu ke nan.

Na kira Yaya na ce ya turo min waɗanda ya ɗauka da tasa. Ya turo. Sun fi nawa, amma ba su ne waɗanda na gani a hannunsa ba, a hanya sun ƙanƙance, in na buɗa su ma sai su fashe. Ya ce haka turawa take yi, sai dai in mun haɗu a zuba min na asalin kai tsaye. Mun haɗu sau da yawa bayan nan, kullum yana sauri.

Bayan kaka ya kira ni kan wata maganar daban, har zai kashe sai ya ce, "Af, na manta. Alhaji yana tambaya wace ce mai dafa tawada. Wai a shafin ƙarshe Baba ya rubuta ranar da ya gama, ya yi addu'a, ya sa sunanki a ciki. Na ce masa ƙanwata ce."



Baba bai taɓa gaya min ba. Ba mutum ba ne mai yabon ɗa a gabansa. Ni kuma da na samu kwana uku, daga farko na fara kamar mai karatu, ko sau ɗaya bai zo min a rai in juya in duba ƙarshe ba.

Na ce, "Yaya, ka kai ni."

Ya ce to, in kasuwa ta lafa. Kasuwar wake kuwa a lokacin take tashi. Na jira wata biyu, sannan na nemi izinin maigidana, na karɓi kwatance, na hau mota zuwa birni, na sake hawa adaidaita zuwa Ungogo. Gidan yana inda gonaki suka ƙare aka fara jera bulo, dogon gini mai baƙar ƙofa, a gefensa har yanzu akwai karan dawa a tsaye a filin wani.

Hajiyar gidan ta karɓe ni da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta sa aka kawo min lemo da ruwa, ta yi min ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta kai ni falon Alhaji. Ga gafakar Baba can a cikin kabad na gilashi, tsakanin wani agogon zinare da kwalaben turare, an naɗe maratayin an ɗora a kai.

Ta ce, "Wallahi, Malama, makullin yana wajensa, kuma ya yi tafiya. Ba ya bari kowa ya taɓa. Ni kaina ban taɓa ganin cikinsa ba."

"Yana karantawa?"

"Yana nuna wa baƙi dai."

Na tsaya a gaban gilashin. Har tabon man da ke gefen fatar, inda babban yatsan Baba yake kamawa, ina gani. Hajiya ta ga na kasa tafiya, sai ta ce bari ta ɗaukar min hoto ko na samu abin riƙewa. Ta ɗaga wayarta, irin ta Yaya ce ko ta fi, ta ɗauka ta cikin gilashin. Ya fito da kyau ƙwarai, kowane ɗinki na jikin fatar ana ƙirgawa. Ta karɓi lambata ta turo min, ta ce in Alhaji ya dawo za ta yi masa magana. Na kira ta sau biyu bayan haka. Na farko ta ce bai dawo ba, na biyu ta ce ya ce sai ya samu natsuwa. Ban sake kira ba, na ji kunyar zama mai naci a kan abin da ya riga ya zama na wani.

Da babbar sallah ta zagayo Yaya ya zo gaida Inna da iyalinsa. Ya sayi sabuwar waya, mai idanu huɗu. Bayan an ci nama ya kira ni gefe, ya zaro tsohuwar, mai idanu ukun nan, a cikin sabon gida, ya ce, "Ga wannan, Malama. Na ga taki tana ba ki wahala."

Na karɓa, na tafi wajen hotuna kai tsaye. Babu komai.

"Yaya, ina na Baba?"

"Wanne? Au. Ai na ba masu gyara sun wanke ta tas kafin in kawo miki, saboda harkar banki. Ba na turo miki su ba?"

Na ce ya turo. Na yi godiya, don Inna tana kallon mu, matarsa ma tana kallo, kuma kyauta ce babba, kowa a gidan sai sa masa albarka yake yi.

Da na je shagon masu waya a Minjibir aka juye min hotunana daga tsohuwar zuwa wannan. Na zauna a shagon na buɗe, ina ɗan sa rai ko babbar fuska za ta fito da abin da ƙaramar ta ɓoye. Sai ta nuna min su yadda suke, kowane dushewa da kowace rawar hannu, fiye da yadda na taɓa gani. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Hajiya, abin da kyamara ba ta kama ba tun farko, ba wayar da za ta dawo da shi."

Wayar tana hannuna har yau. Ba ta zafi, ba ta sandarewa, a tsakiyar rana ina ganin komai. In an yi walima ni ake kira in ɗauki hoto, mata suna cewa tawa ta fi fito da fuska. Ni da Yaya muna gaisawa, ina zuwa sunan 'ya'yansa, yana aiko wa Inna da buhun dawa duk kaka. Bai sake tayar da maganar zuwa Ungogo ba, ni ma ban sake ba. A bara na ji a bakin matarsa cewa Alhajin ya yi kyautar Alƙur'anin ga wani babban baƙo da ya zo masa daga wata jiha, ita ma ba ta san wace ba.